Ruwa Ya Hau Kan Hanya: In Ratsa Ko In Jira?

Tambaya: Ni direba ne, ina jigilar 'yan cin kasuwa da ƙaramar mota a hanyoyin ƙauye. Akwai wani kwari a hanyarmu da duk damina sai ruwa ya hau kansa. Bana abokin aikina ya shiga, injinsa ya mutu a tsakiya, da ƙyar aka janyo shi, har yau motar tana wurin makanike. Yaya zan bambance ruwan da zan iya ratsawa da wanda ba zan iya ba? Kuma me ya sa kullum a wuri ɗaya hanyar take yankewa, alhali kusan kowace shekara sai an zuba mata ƙasa?

Amsa: Malam direba, Allah ya kiyaye gaba, ya mayar wa abokinka da alheri. Tunda ya fito da ransa, shi da fasinjojinsa, to abin ya zo da sauƙi. Na daɗe ina aikin gina hanyoyin karkara da gyaransu, kuma mafi yawan abin da na sani game da ruwa a bakin kwalbati na koye shi ne da safiyar da aka kwana ana ruwa. Tambayoyinka biyu tushensu ɗaya, don haka zan fara da ta biyun, domin in ka gane abin da ke yanke hanyar za ka gane abin da kake takawa lokacin da ka tura mota cikin ruwan.

Hanya a karkara, ko ta kwalta ce ko ta burji, tudu ce da aka tara aka gitta wa ƙasa. Kafin a yi ta, ruwan sama yana da inda yake bi tun kaka da kakanni, daga jigawa ya gangaro fadama, daga fadama ya faɗa korama. Da aka tayar da hanya sai ta zama masa shinge, ƙofarsa kaɗai ita ce kwalbati. Idan ƙofar ta ishe shi, ya wuce ba wanda ya san an yi. Idan ta yi masa kaɗan ko ta toshe, sai ya taru a gefe ɗaya kamar dam, ya yi ta hawa har ya tsallake ta sama. Saboda haka duk inda ka ga ruwa yana gudu a kan hanyar da ke da kwalbati a ƙarƙashinta, ka sani kwalbatin ya riga ya gaza kafin ka iso.

Bari in yi maka lissafin da muke yi, don ka ga girman abin. A ce gonakin da ruwansu ke gangarowa wannan kwarin naku sun kai hekta 100, wato ba wani babban yanki ba. A ce an tafka ruwa na milimita 50 cikin awa guda, irin wanda ba baƙo ba ne a watan Agusta. Abin da ya sauka a kan wannan fili lita miliyan 50 ne. Ko da ƙasa ta shanye rabi, sauran rabin ya fi cikin tankar mai 750, irin mai ɗaukar lita 33,000. Shi kuwa bututun kwalbati mai faɗin santimita 90, wanda aka fi sawa a hanyoyinmu, ko yana a wanke tas abin da zai iya fitarwa a awa ɗaya bai wuce kimanin tanka 110 ba. To ina sauran zai bi? Wannan fa kafin yashi ya cike rabin bututun, kafin karan dawa da leda da buhunan taki su toshe bakinsa. A ƙarshen damina kuwa ƙasa ta ƙoshi, ba ta ƙara shan komai, kusan duk abin da ya sauko sai ya gangaro.

Idan ruwa ya hau kan hanya, ba daga inda ya shigo yake fara ɓarna ba. Yana tsallakewa ne ya faɗa ɗaya gefen da ƙarfi, ya tona gindin hanyar, ya riƙa cin ta yana dawowa baya, yana shiga ƙarƙashin kwalta. A lokaci guda kuma wanda ya taru yana tsatsafowa ta jikin bututun, musamman in ba a daddaɓe ƙasar da ke kewaye da shi da kyau ba ranar da aka binne shi, yana jan ƙasa kaɗan-kaɗan har ya yi rami. Kwalta kuwa tana da danƙo, takan iya tsayawa ita kaɗai na ɗan lokaci bayan ƙasar da ta ɗauke ta ta tafi. Na taɓa zuwa duba wata hanya da sassafe bayan ruwa ya janye. Daga nesa kwaltar sumul, har da sawun babura a kanta. Da na sauka ta gefen da ruwan ya faɗa na leƙa, sai na ga kogo ne a ƙarƙashinta wanda mutum zai durƙusa ya shiga, kwaltar tana rataye, kaurinta bai fi yatsu 3 ba. Wani lebura ya sa ƙotar shebur ya doka sau 2, ta rufta. A daren da ya wuce ruwa ne jawur a kan wurin, kuma duk direban da ya zo da fitila zai rantse hanya tana nan.

Wannan shi ne abin da nake so ka riƙe fiye da komai a cikin amsar nan. Kai zurfin ruwa kake aunawa da ido, kana dogaro da cewa hanyar da ka bi da safe ita ce har yanzu a ƙasa. Ruwan damina jaja ne, ba ya nuna abin da ya rufe. Kuma wannan bai tsaya ga hanyar ƙauye ba. A watan Agustan 2024 ruwa ya yanke babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri a yankin Katagum na jihar Bauchi. A 2010 ambaliyar da ta biyo Gulbin Rima ta karya gadar da ke kai mutane Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. In tagwayen hanya da gadar kankare ba su tsira ba, burjin da aka zuba da tifa aka baje da gireda ba abin da za a ba amana ba ne.

Game da zuba ƙasa duk shekara kuwa, ni a ganina asarar kuɗi ce, kuma abin yana ci mini rai. Ana maganin abin da ido ya gani, a bar abin da ya kawo shi. In bututu 1 ya gaza bara, aka mayar da bututu 1 aka rufe da jar ƙasa, bana ma zai gaza. Wurin yana buƙatar ɗayan biyu: ko a yi masa babban kwalbati mai ɗakuna na kankare, da katanga a bakinsa da fukafukai, da daɓen dutse da siminti a inda ruwan ke faɗawa don kada ya tona, ko kuma a daina faɗa da ruwan, a sauke hanyar daidai da gindin koramar a shimfiɗa mata kankare, ruwa ya bi ta kai in ya zo, in ya wuce a ci gaba da tafiya. Irin wannan mashigi ya yi yawa a hanyoyin Jamhuriyar Nijar, kuma ga koramar da ke cika na awoyi kaɗan ta bushe, ya fi ƙaramin kwalbati aminci da araha. Sai dai a kafa masa turaku a gefe biyu da alamar zurfi, don direba ya san inda kankaren ya ƙare.

Sauran abin ƙananan ayyuka ne da aka yi watsi da su. Hanya mai kyau tana da doro, tsakiyarta ta fi gefenta tudu, don ruwa ya zame ya faɗa lambatu. A burji doron ya kamata ya kai santimita 4 zuwa 6 a kowace mita, a kwalta kimanin rabin haka. Yau da gobe tayoyi suna cinye doron, ciyawa da ƙasa suna taruwa a kafaɗa har su fi hanyar tudu, sai hanyar da kanta ta koma magudana. Lambatun gefe kuma dole ya samu mafita lokaci-lokaci, a karkatar da ruwan ya shiga daji. Manomi ya ga ruwa na shigo masa gona sai ya toshe mafitar, kuma ban ga laifinsa sosai ba tunda ba wanda ya zauna da shi aka shawarta inda ruwan zai bi, amma sakamakon shi ne ruwan wurare 5 ya haɗu ya afka wa kwari ɗaya. A da akwai leburorin hanya, kowa da yankinsa, da shebur da diga da baro, aikinsu ke nan rani da damina. Akwai kuma shingen ruwa, inda ake tsare manyan motoci bayan an yi ruwa har burji ya sha iska. Da aka daina waɗannan sai muka koma jiran hanya ta mutu a ba da kwangila. Ga shi mafi yawan hanyoyin ƙauye a Najeriya na ƙananan hukumomi ne, su ne kuma suka fi kowa ƙarancin kayan aiki. Hukumar gyaran hanyoyi ta FERMA hanyoyin tarayya take kula da su, ba za ta zo kwarinku ba.

Yanzu ga tambayarka ta farko. Mota ba ta da nauyin da kake zato idan ta shiga ruwa. Ƙasan ƙaramar mota, irin Golf ɗin da ake haya da ita, ya kai kimanin murabba'in mita 6. Duk santimita 10 da ruwa ya hau sama da ƙasan motar, yana ɗaga ta da ƙarfin kusan kilo 600. Motar kuwa duka-duka ba ta fi tan 1 da 'yan kai ba. Ke nan ruwan da ya kai santimita 30, wanda bai kai gwiwar babban mutum ba, ya isa ya sa tayoyi su fara sakin ƙasa. Baya ne ke fara tashi, saboda nauyin inji yana gaba, sai ka ji gindin motar yana juyawa, sitiyari da birki sun zama ba su da amfani. Santimita 60 na ruwa mai gudu yana tafiya da kusan kowace mota, har da Hilux. Mutum a ƙafa kuwa, santimita 15 mai gudu sosai ya isa ya kwashe shi. Ga kuma abin da mutane ba su cika lura da shi ba: in saurin ruwa ya ninka sau 2, ƙarfin turinsa sau 4 yake ninkawa. Ruwa mai sauri a ƙauri ya fi ruwa kwantacce a cinya haɗari.

Na sha jin direbobi suna cewa ai mota ta yi lodi, ruwa ba zai ɗaga ta ba. Lodi yana ƙara nauyi, gaskiya ne, amma yana dannan motar ƙasa ta yadda ruwa zai fi saurin kaiwa inji, kayan da aka ɗaure a sama kuma suna sa ta saurin kifewa. Bas da a-kori-kura suna da faɗin jiki, ruwa yana samun bangon da zai tura. A watan Agustan 2024, a jihar Tawa ta Nijar, ruwa ya tafi da motocin 'yan kasuwa a hanyar Tiliya, mutum sama da 50 suka rasu. Mutane ne irin waɗanda kake ɗauka kowace ranar kasuwa.

Abin da ya sami injin abokinka kuma ga yadda yake. Inji iska yake shaƙa ta wani bututu da ke gaba, a wasu motocin can ƙasa kusa da bamba. In ruwa ya kai bakin bututun, ko direba ya shiga da gudu ya tayar da igiyar ruwa a gabansa, ko wata babbar mota ta gitta ta watso masa, sai injin ya zuƙe shi. Fistin an yi shi ne ya matse iska, ruwa kuwa ba ya matsuwa, don haka ƙarfen da ke tura fistin ɗin ne zai lanƙwashe ko ya karye, wani lokaci ya fasa jikin injin. Ruwan da bai cika kofin shayi ba ya isa, a injin dizal ma abin ya fi muni don matsinsa ya fi yawa. Shi ya sa shawarar da ake ba direbobi a tasha, wai ka taka totur ka shiga da ƙarfi don kada ruwa ya shiga salansa, ita ce ke kashe injuna. Muddin inji na aiki, hayaƙi na hana ruwa shiga salansa. Ta hanci ruwan ke shiga.

In mota ta mutu a cikin ruwa, kada a sake murza makulli, kada kuma a tura ta a ba ta giya. Sau da yawa mutuwar farko ba ta yi ɓarna ba, ƙoƙarin tayarwar ne ke ƙarasa injin. A janyo ta, a cire kan batir, a buɗe matatar iska a ga ko ta jiƙe. A zaro sandar duba baƙin mai, in ya koma kamar shayi da madara to ruwa ya shiga. Makanike ya kwance filogi ko nozul, ya juya injin ruwan ya fito, a canza baƙin mai da matatarsa, a duba man giya da na aksul, a bar wayoyi da na'urar da ke sarrafa injin su bushe sarai. Ka gaya wa abokinka ko motar ta tashi ya sa kunne, ƙarfen da ya ɗan lanƙwashe yakan yi makonni yana aiki kafin ya karye.

To akwai ruwan da za a iya ratsawa? Akwai, amma sharuɗɗansa suna da tsauri, kuma sai sun cika gaba ɗaya. Da rana ne, ido na ganin ido. Ruwan a kwance yake ko yana tafiya a hankali, ka jefa kara ka ga tafiyarsa ba ta kai ta mai tafiya a ƙasa ba. Kana ganin gefen hanyar biyu da inda za ka fita. Zurfinsa bai kai cibiyar taya ba, a ƙaramar mota ma ni na fi son kada ya wuce santimita 15, wato ya rufe idon sawu da kaɗan. An bi da sanda an dudduba ƙasan daga wannan baki zuwa wancan, a layin tayoyin biyu. Sannan ruwan raguwa yake yi: kafa tsinke a bakinsa, ka jira minti 15, ka ga ya ja baya ko ya ci tsinken. In duk wannan ya tabbata, ka sauke gilasai, ka kashe na'urar sanyi, ka sa giya ta 1, ka bi tsakiyar hanya inda ta fi tudu, da tafiyar da ba ta fi ta ƙafa ba, ba tsayawa ba canza giya. Mota ɗaya-ɗaya, sai na gaba ya fita. In ka haye, ka ɗan riƙa taɓa birki kana tafiya har ya bushe ya dawo da kamunsa. Da daddare kuwa babu sharaɗi, fitila saman ruwa kawai take haskawa, ba a shiga.

Kada wucewar wata mota ta ruɗe ka. Tirelar da ta wuce gabanka ta fi ka tsawo, kuma nauyinta na iya zama shi ne ya ƙarasa raunana wurin. Samarin da ke tsayawa a bakin ruwa suna nuna hanya suna tura motoci, da yawansu sun san wurin ƙwarai kuma sun ceci mutane, ina girmama su. Amma ka tuna abincinsu yana cikin ratsawarka, kuma su ma ba sa ganin ƙarƙashin kwalta. Ka tambayi dattijon da gonarsa ke wurin: yaushe ruwan ya zo, awa nawa yakan yi, daga ina yake tahowa. Korama takan cika ko ba a yi ɗigo a inda kake ba, saboda an yi ruwan a can sama, kuma takan zo ne kamar bango, da itatuwa a gabanta. In ka ji ruri daga nesa ko ka ga ruwan ya ƙara duhu yana ɗauke da shara, ja motarka baya zuwa tudu.

Ka kuma bambance ruwan korama da na kogi. Na korama awa 2 ne zuwa 6 galibi, mai haƙuri zai ga ƙasa. Na kogi, irin wanda ke malala a kwarin Haɗeja, wajen Auyo da Kafin Hausa da Guri, inda ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa, yakan yi makonni a kwance, yana jiƙa gindin hanya har ta yi laushi kamar kunu. Haka aka gani a Koton Karfe a 2022, lokacin da ruwa ya rufe hanyar Lokoja zuwa Abuja, tankoki suka yi kwanaki a tsaye har man fetur ya yi wuya a Abuja. Irin wannan ba a jiransa a bakin hanya, sai zagaye ko fito.

Na san matsin da kake ciki. Fasinja na cewa kasuwa za ta watse, mai tumatir na kuka, mai mota na jiran balas da yamma, wani ma ya ce maka ai kwana ba ya ƙarewa sai lokaci ya yi. Haka ne, amma an umarce mu da ɗaure raƙumi kafin tawakkali, kuma ranar da abu ya faru kai za a tambaya. Ka faɗa musu tun a tasha cewa in an tarar da ruwa a kwarin nan za a jira, wanda bai yarda ba ya nemi wata motar. In ƙungiyarku ta direbobi ta mayar da shi doka ga kowa, ba wanda zai ji kunyar tsayawa don na bayansa ya wuce.

Idan kuma ƙaddara ta sa ruwa ya ɗauki motar, lokacin da kake da shi bai fi minti 1 ba. Kada ka ɓata shi wajen kiran waya ko kokawa da ƙofa, ruwan da ke danne ta daga waje ya fi ƙarfinka. Kwance bel, buɗe gilashi tun lantarki bai ɗauke ba, a fitar da yara tukuna, a hau saman motar. Wannan ne ya sa motar haya da aka cire wa marikin sauke gilashi, ko aka liƙe tagoginta na baya, take ba ni tsoro a damina. Ka duba taka gobe da safe, ka ajiye guduma ƙarama kusa da kai, ka sani kuma gilashin gefe ake fasawa daga kusurwa, na gaba ba ya tarwatsewa. Lambar jami'an kiyaye haɗurra 122 ce, ta gaggawa 112, amma a ƙauye mutanen gari ne za su fara isowa, don haka igiya doguwa mai ƙarfi a but ta fi komai amfani.

Shi kuma kwarin naku, akwai abin da za ku iya tun kafin hukuma ta motsa. A watan Afrilu ko farkon Mayu, kafin ruwan fari, ku haɗu da mai gari da matasa ku yashe kwalbatin har ku ga haske daga wannan baki zuwa wancan, ku kwashe yashin ku kai shi nesa, don in kuka tara shi a bakin wurin ruwan farko zai mayar da shi ciki. Ku buɗe mafitar lambatu bayan kun yi magana da masu gonakin. Ku jera duwatsu manya a inda ruwan ke faɗawa. Ku kafa turaku a gefen hanya biyu, ku shafa musu jan fenti daga santimita 15 zuwa sama. Bana kuma, tun ruwan yana nan, ku ɗauki hotonsa ranar da ya fi cika, ku yi alama a jikin bishiya ko dutse daidai inda ya kai, ku rubuta kwanan wata da awoyin da ya yi. Da wannan za ku je sashen ayyuka na ƙaramar hukuma da wurin ɗan majalisarku, ku ce kwalbati mai ɗakuna ko mashigin kankare kuke nema, ba tifar ƙasa ba. Injiniyan da za a turo da wannan alamar ta jikin bishiya zai auna girman abin da ya kamata a gina.